Kalandar Barira

Barira ta aiko min da kalanda daga Minisota
ta hannun wani yaro ɗan Sagagi da ya zo ganin gida.
Na buga ƙusa a soro, gefen agogon da ya tsaya,
na rataye ta inda hasken la'asar ke sauka.

Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa,
alli ya cinye min yatsu,
amma ban taɓa ganin tafkin da ya daskare ba
sai a shafin Janairu:
mutum ya huda ruwa kamar mai haƙar gara,
ya kafa kujera a tsakiyar tafki
yana jiran kifi da haƙurin ɗan fansho.

Yuni tsuntsu ne, baƙin kai, ido jajir kamar gauta,
ya goya 'ya'yansa ba zane ba majanyi.
Ta ce min a waya kukansa da dare
kamar guɗa ce a gidan da kowa ya tashi.
Satumba wata dabba, tsayin raƙumi, leɓen jaki,
ƙaho a baje kamar an ɗora mata faifai biyu.
Tasi'u mai shayi ya daɗe yana dubawa,
ya ce, "Ikon Allah. Ko tana yin layya?"

Ƙasan hoton akwai ƙananan rubutu, sai da tabarau.
Tafki dubu goma, in ji su, har da gyara.
Sunan jihar kuwa na mutanen farko ne,
masu kwalekwalen ɓawon itace,
masu girbin shinkafar da ta fito da kanta a ruwa.
An tura su gefe, an raba ƙasar da igiyar awo,
amma sunan da suka raɗa wa ruwan ya ƙi tashi.
Wanda ya karɓe gonar ma da shi yake kiranta.

Nan jikana Mu'azzam ya ja min riga:
"Kaka, mu tafkinmu nawa?"

Na buɗe baki. Na rufe.

Ina kududdufin bayan gidanmu,
wanda daga cikinsa aka haƙo ƙasar wannan soron?
Can muka kama tarwaɗa da kwandon Inna, muka sha duka.
Kirinjijiya kan sauka in damina ta ja,
bado ya buɗe, kainuwa ta yi shimfiɗa,
kwaɗi su hana liman barci.
Yau shaguna ne sha biyu da rumfar cajin waya.
Tifa bayan tifa aka cike shi da bola,
duk Agusta kuma ruwan kan dawo neman makwancinsa,
ya shigo mana tsakar gida ba sallama.
To, wa ke sallama a ɗakinsa?

Jakara na tafe a ƙarƙashin kwalta
tana sauraron a-daidaita-sahu a kanta.
Na je Rijiyar Zaki ɗaurin aure,
ban sha ruwan rijiya ba,
zaki kuwa sai na gidan zu, mai hamma.
A Kurna na nemi inuwar kurna, na ƙare a gidan mai.
Ungulun da muke jifa a mayanka
sun tafi ba su bar sallahu ba.

Ashe mu ma suna muka riƙe,
kamar mai rungume da murfi, tukunya ta fashe tuni.

Bayan isha na sauke kalandar,
na juya bayan Disamba, fari fat kamar ƙanƙararsu.
Ga Dala. Ga Gwauron Dutse. Ga ganuwa, har inda ta zube.
Sai na shiga ɗiga ruwa duk inda na san ruwa.
Na kai sha bakwai hannuna ya fara rawa,
biyu kuma sunansu ya ɓace min.
Gobe in Allah ya kai mu zan tambayi Tasi'u,
ya girme ni da shekara uku.

Mu'azzam ya yi barci a tabarma
da shuɗin fensir a hannu.
Na bar masa cikon.